Abincin Kare da Kyanwa: Mu Kula da Abin da Muke Zuba Musu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Kore Mairuwa da sauran garuruwan Arewa, yau shafinmu zai yi magana a kan dabbobi biyu da muke zaune da su amma ba mu cika tuna su ba. Su ne kare da kyanwa, wadda wasunmu ke kira mussa.

Kare yana gadin garke da dare. Yana korar dila da ɓarawo. Yana raka maharbi daji, yana raka mai gona zuwa gonarsa. Kyanwa kuwa ita ce mai tsaron rumbu, domin inda take ɓera ba ya sakewa. Duk da wannan aiki, abincin da muke ba su shi ne abin da kowa ya ƙi: tuwon da ya lalace, hatsin da ya ruɓe, da mushe.

Wannan ɗabi'a tana da hatsari. Hatsarin bai tsaya ga dabba kaɗai ba. Kare da kyanwa suna yawo a tsakar gida. Yara suna wasa da su. Ciwon da ya shiga ta kwanon kare yana iya ƙarewa a jikin ɗan mai gida, ko a jikin tumakinsa.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Bari mu ji abin da ya sami wasu.

A shekarar 1960, a ƙasar Ingila, talotalo wajen 100,000 suka mutu cikin ƴan watanni. Masana suka bincika, suka gano cewa tunkuzar gyaɗa da aka ba su ce ta yi funfuna. A cikin funfunar nan akwai wata guba. Daga nan aka san gubar, aka sa mata suna afalatoksin.

A shekarar 1974, a yammacin ƙasar Indiya, mutanen ƙauyuka suka ci masarar da ruwan sama ya ɓata. Mutum kusan 400 suka kamu da ciwon hanta, fiye da 100 suka rasu. Karnukan da ke cin abincin gidajen su ma suka kamu, suka yi ta mutuwa. A shekarar 2004 irin wannan ya faru a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu.

A ƙasar Amurka, abincin kare da kyanwa a kanti ake sayen shi, cikin buhu ko gwangwani. Shi ma bai tsira ba. A shekarar 2007 karnuka da kyanwoyi masu yawa suka mutu da ciwon ƙoda. Aka gano cewa an zuba wani sinadari mai suna melamin cikin garin da aka kawo daga ƙasar Sin. Melamin shi ne abin da ake yin wasu kwanoni da faranti da shi. Mayaudara ne suka zuba shi don a ga kamar garin yana da gina jiki. Shekara guda bayan haka, a 2008, aka sami wannan sinadari cikin madarar jarirai a ƙasar Sin. Jarirai wajen 300,000 suka yi rashin lafiya.

Abin lura a nan shi ne: abin da ya kashe dabbar gida yana kusa da tukunyar gida. Idan kare ko kaji suka mutu bayan sun ci daga wani buhu, kada iyali su ƙara ci daga buhun nan sai an bincika.

Hatsari na farko: abinci mai funfuna

A ƙasar Dogon Dutsi da Tibiri muna noman hatsi da wake da gyaɗa. Muna kuma sayen masara a kasuwa. Gyaɗa da masara su ne suka fi saurin kama gubar funfuna. Gubar tana tasowa idan an ajiye amfanin gona bai bushe sosai ba, ko rumbu na yoyo, ko ƙwari sun huda ƙwayar.

Mata kan tsince gyaɗa kafin su matse mai. Wannan aiki ne mai kyau. Amma ina ake kai wadda aka tsince, baƙa da motsattsa da mai ɗaci? Sau da yawa ana watsa wa kaji, ko a haɗa ta cikin abincin kare. To, a cikin waɗannan ƙwayoyi ne gubar ta fi taruwa.

Mu sani cewa wuta ba ta kashe wannan guba. Ko an dafa, ko an soya, tana nan. Kare kuwa yana cikin dabbobin da ba su jure ta. Tana lalata hanta. Alamunta su ne ƙin cin abinci, amai, kasala, zawo mai jini, da farin ido ya koma rawaya kamar mai shawara. A jikin mutum, cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru yana iya kawo ciwon daji na hanta.

Saboda haka:

1. Gyaɗa ko masara ko dusa mai funfuna, a ƙone ta ko a binne ta.
2. A shanya amfanin gona a kan tabarma ko tamfol har ya bushe ƙayau.
3. A ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango.
4. Tuwon da ya yi yauƙi ko ya yi gashi, ba abincin kowa ba ne.

Hatsari na biyu: maganin ƙwari da maganin ɓera

Da damina ta kama, muna shafa wa iri garin magani kafin shuka. Irin yakan koma ja ko shuɗi. Launin nan gargaɗi ne. Idan iri ya yi saura, ba a wanke shi a dafa, ba a ba kaji, ba a ba kare. Wanki ba ya fitar da maganin duka.

Da kaka kuma, wasu na sa ƙwayar nan mai fitar da iska mai guba, irin su Phostoxin, cikin buhun wake. Ƙwayar tana kashe ƙwari, tana kuma kashe dabba da mutum. Kada a ajiye irin wannan buhu a ɗakin kwana. Akwai hanyar da ta fi wannan. Tun shekarar 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai riɓi uku a Nijar, da haɗin gwiwar Jami'ar Purdue ta Amurka da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN. Buhun yana hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba.

Maganin ɓera shi ma haka ne. Ana haɗa shi da gari ko kifi, ƙanshin ya jawo kyanwa da kwikwiyo da kaza. Kyanwar da ta ci ɓeran da guba ta kashe ita ma tana iya kamuwa. Gidan da ke da kyanwa, tarko ya fi masa alheri. In ya zama dole a sa magani, a sa shi inda ɓera kaɗai ke iya shiga. Da safe a tattara matattun ɓeraye a binne.

Kwalba ko galan da aka sayo maganin feshi a ciki, ba a mayar da shi abin zuba ruwan sha, ko na mutum ko na dabba.

Hatsari na uku: mushe da kayan ciki

Idan tunkiya ko jaki ya mutu, mukan ja shi bayan gari mu bar wa karnuka. Muna ganin kamar sun share mana wuri. Alhali hanya ce ta yaɗa cuta.

Akwai ciwon saifa. Yana kashe saniya ko tunkiya farat ɗaya. Sau da yawa baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko ta dubura. Ƙwayar cutar tana zama cikin ƙasa shekaru masu yawa. Idan karnuka suka yayyaga mushen, sai su watsa cutar a makiyaya. Mutum ma yana kamuwa idan ya feɗe ko ya ci. Irin wannan mushe ba a feɗe shi. A sanar da ma'aikatan kiwo, a binne shi cikin rami mai zurfin mita 2, ko a ƙone shi.

Mu mutanen Dallol Mauri mu ƙara kula da abu ɗaya. A wurare da yawa na kwarin nan ruwa yana kusa da sama. Saboda haka a haƙa ramin a kan tudu, nesa da rijiya da lambu da tafki.

Akwai kuma murar tsuntsaye. An tabbatar da ita a Nijar karo na farko a watan Fabrairu na 2006, a Magarya. Kyanwa da kare suna iya kamuwa idan suka ci kazar da ciwon ya kashe. Kajin da suka mutu tare da yawa, a binne su.

Sai kuma wata cuta da mahauta suka san alamarta. Wani lokaci idan an yanka rago ko saniya ko raƙumi, sai a ga wasu jakunkuna cike da ruwa a jikin hanta ko huhu. Mahauci yakan yanke wurin ya jefa wa kare. Ga abin da ke biyo baya:

Cikin jakar ruwan nan akwai ƴaƴan tsutsa. Suna girma a hanjin kare. Kare ba ya nuna alamar ciwo, amma kashinsa yana cike da ƙwan tsutsar, wanda ido ba ya gani. Ƙwan yana manne wa ciyawa, da ganyen lambu, da gashin kare. Tunkiya ta ci ciyawar, jakar ruwa ta fito mata. Yaro ya shafa kare ya ci abinci bai wanke hannu ba, jakar ruwa ta fara girma a hantarsa ko huhunsa. Tana ɗaukar shekaru kafin a gane. Sau da yawa sai an yi aikin tiyata.

Wata tsutsar mai kama da wannan a ƙwaƙwalwar tunkiya take yin jakarta. Tunkiyar sai ta riƙa juyawa wuri ɗaya, ta karkata kai, ta rabu da garke. Idan aka yanka ta aka jefa wa kare kan ɗanye, an shuka ciwon a garke ke nan.

Maganin wannan yana hannunmu. Hanta ko huhu mai jakar ruwa, a ƙone ko a binne da zurfi. Sauran kayan cikin da za a ba kare, a yayyanka su a tafasa rabin awa. A riƙa tuna wannan ranar kasuwa, da ranar suna, da lokacin Babbar Salla, lokacin da yanka ke yawa.

Kayan cikin kifi ma a binne su. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Amma a maƙwabciyarmu Cadi, tun 2012 aka fara ganin kurkunu a jikin karnuka, musamman a garuruwan masunta. A 2019 an ƙirga karnuka kusan 2,000 da suka kamu. Cikin matakan da aka ɗauka can akwai binne kayan cikin kifi don kada karnuka su ci. Ciwon da iyayenmu suka sha wahala kafin a kore shi, kada mu bar masa ƙofa.

To, me za mu ba su?

Ba sai mun sayi abincin kanti ba. Abincin gida ya isa, in yana da tsabta.

Kare yana cin tuwo da dafaffen wake, da ɗan nono, da guntun nama ko kifi da aka dafa. Tuwo kaɗai ba ya gina shi. Babban kare a ba shi sau ɗaya ko sau biyu a rana. Kwikwiyon da aka yaye a ba shi sau uku ko huɗu, kaɗan-kaɗan. Karya mai shayarwa tana bukatar ƙari.

Kyanwa kuwa mai cin nama ce. Ba ta rayuwa da hatsi kaɗai. Ko tana kama ɓera, a riƙa ba ta guntun kifi ko nama dafaffe. Masu cewa a bar ta da yunwa don ta fi farauta sun yi kuskure. Mai ƙarfi ce ke farauta.

Abubuwan da ba a ba su: albasa da tafarnuwa masu yawa, domin suna lalata musu jini, goro, abinci mai yawan gishiri ko barkono, da dafaffen ƙashin kaza, domin yana tsagewa ya soke maƙogwaro ko hanji.

Kowace dabba ta sami kwanonta, dabam da na iyali. A wanke shi kullum. A ajiye ruwan sha mai tsabta a inuwa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a ƙasarmu. Kare ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Karen da aka ɗaure a rana ba ruwa yana iya mutuwa cikin yini guda. Malamanmu suna yawan tuna mana labarin mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka hukunta don ta kulle kyanwa har yunwa ta kashe ta. Dabbar da muka ajiye amana ce.

Idan dabba ta kamu da ciwo

Alamun da za mu lura da su: ƙin cin abinci fiye da yini guda, amai, zawo, rama, tari, majina a ido ko hanci, zubewar gashi, da yawan susa.

Ga abin da za mu yi:

1. A ware ta a inuwa, nesa da yara da sauran dabbobi.
2. A ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, akai-akai. Mai zawo ana iya ba ta ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara.
3. Idan amai ya tsaya, a fara da abinci mai laushi, kamar kunu ko dafaffiyar shinkafa da ɗan nama.
4. A binne amai da kashinta. A wanke hannu da sabulu.
5. A nemi ma'aikacin kiwo ko likitan dabbobi. Kwikwiyo mai zawon jini ba ya jiran gobe.

Kada a ba dabba maganin mutane da ake saye a tebur. Ƙwayar parasitamol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa. Maganin ciwon jiki irin su ibuprofen yana huda cikin kare, yana lalata ƙodarsa. Kada a shafa wa mai ƙazwa ko kaska baƙin man mota, ko maganin feshin gona. Dabba tana lasar jikinta, sai ta sha gubar. Ma'aikatan kiwo suna da maganin kaska da na ƙazwa da na tsutsar ciki. A tambaye su. Maganin tsutsa yana da kyau a ba kare bayan kowane wata uku.

Idan ana zaton guba ta ci, a ɗauki kwalin maganin a tafi da shi wurin likita. Sunan da ke jikin kwalin ne zai nuna masa makarin da ya dace. Kada a ɗura mata mai ko madara, domin suna sa wasu gubobin su fi saurin shiga jini. Idan ta yi amai, a bar ta a fili inda iska ke kaɗawa. Aman dabbar da ta ci wasu magungunan ɓera ko ƙwayar buhun wake yana fitar da iska mai cutar da mutum.

Ciwon da ya fi duka: haukan kare

Akwai lokacin da ba a taɓa dabba mara lafiya da hannu. Idan kare ya sauya hali farat ɗaya, yana dalalar da miyau, yana cizon itace da dutse, muryarsa ta sauya, ko bakinsa ya saki ya kasa haɗiya, to a nisance shi. Wasu kan zaci ƙashi ne ya maƙale masa, su sa hannu a bakinsa. Kada a yi haka. Cutar tana cikin miyau. Wani mahaukacin karen ba ya faɗa, lafewa kawai yake yi har ƙafafunsa su shanye. Kyanwa da jaki da saniya ma suna kamuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne. Cikin mutum goma da karen da ake zargi ya ciza, huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, babu magani. Amma kafin su bayyana akwai allura mai hana shi. Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa wani yaro mai shekara 9 ita a 1885, yaron kuma ya rayu.

Idan kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, ko ya lashi miki:

1. A wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, minti 15 cur.
2. Kada a sa barkono ko toka ko gashin karen. Kada a ɗaure wurin tamau.
3. A tafi gidan likita a ranar. Idan babu allurar a nan, za su nuna inda take.
4. A karɓi allurar duka, a ranakun da likita ya faɗa. Warkewar miki ba ta nufin an tsira, domin ciwon yakan ɓuya wata biyu ko uku, wani lokaci har shekara.
5. In karen na gida ne, a ɗaure shi a ƙalla kwana 10, ana ba shi abinci da ruwa daga nesa, a sanar da ma'aikatan kiwo. Idan ya mutu, kada a taɓa gawar da hannu. Su ne suka san yadda ake aika abin gwaji zuwa LABOCEL, babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi da ke Yamai.

A koya wa yara su faɗi gaskiya idan kare ya cije su. Yaro yakan ɓoye don tsoron duka. Kada a doke shi, a wanke masa, a kai shi likita.

Riga-kafi ya fi magani. Ana yi wa kare allurar hauka tun yana wata uku, a maimaita kowace shekara. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa karnuka bakwai cikin goma allura a gari, ciwon yana yankewa. Kuɗin allurar kare bai kai kuɗin jinyar mutum ɗaya da aka ciza ba. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya.

Aikin gayya

Mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki, domin kare bai san iyakar gida ba. A Kore Mairuwa, da Tibiri, da Dumega, da Gesheme, masu gari da mahauta da makiyaya za su iya zama su daidaita a kan abu uku. A haƙa rami mai murfi kusa da mayanka don kayan cikin da suka lalace. A ware wuri a kan tudu don binne mushe. A kuma ƙirga karnukan gari, a nemi ma'aikatan kiwo su sa ranar allura. Idan an taru, tafiya ɗaya ta ishe su.

A gida kuma, kafin mu zuba wa kare ko kyanwa abinci, mu duba shi, mu sansana shi. Wanda ya lalace a kai shi rami. In kunne ya ji, jiki ya tsira.